Saka Linux a kwamfutar da ke ajiye: tambayoyi da amsoshi kan kayan da ake buƙata

A Yamai da wuya ka shiga biro ko makaranta ko siba ka rasa wata kwamfuta da aka jingine a lungu, ƙura ta lulluɓe ta, wai ta tsufa ko ta cika nawa. Yawancinsu da ransu. Windows ne ya yi musu nauyi, ko kuma ya daina karɓarsu. Microsoft ya janye kulawa daga Windows 7 a Janairun 2020, ya janye daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 yana neman guntun tsaro TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, wadda sai a 2017 ta fara fitowa. Linux buɗaɗɗiyar manhaja ce, kyauta ake sauke ta, kowa na da izinin kwafa da rabawa, kuma tana tafiya lafiya a kan injinan da Windows ya juya wa baya. Abin da muka fi nanatawa a amsoshin nan shi ne: kada ka sayi komai sai ka tayar da kwamfutar daga kile, wato filashin USB mai ɗauke da Linux, ka ga abin da take da shi da abin da ta rasa.

Mene ne mafi ƙarancin kayan da kwamfuta za ta samu kafin ta ɗauki Linux?

Ya danganta da irin Linux ɗin da ka zaɓa, don suna da yawa. Linux Mint, wanda muka fi ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, yana neman RAM giga 2, amma masu shi da kansu sun ce giga 4 ne ake aiki da shi cikin natsuwa. Fili a diski giga 20. Allo mai 1024×768. Furosesa mai 64-bit. Ubuntu 24.04 ya fi nauyi: furosesa mai ƙwaya biyu ta 2 GHz, RAM giga 4, fili giga 25. Idan RAM ɗin giga 2 ne kuma ba halin ƙarawa, ka ɗauki Mint Xfce ko Lubuntu. Ƙasa da haka sai antiX, wanda ke tashi ko da mega 512.

Ban da kwamfutar kanta, za ka tanadi kile na USB, wato filashi, mai giga 8. Wata kwamfuta mai aiki da za ka shirya kilen a kanta. Caja mai lafiya. Da wutar da ba za ta yanke ba na kimanin minti 40. Shi ke nan kayan dole. Sauran duk gyara ne da ƙarin ƙarfi.

Ta yaya zan gane furosesata 64-bit ce ko 32-bit?

Wannan tambayar ta fi muhimmanci a yau fiye da shekarun baya, saboda ƙofofin 32-bit na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mint ya bar shi tun fitowar Mint 20 a 2020, Ubuntu ya riga shi, Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 shi ma ba ya da faifan girkawa na 32-bit. Abin da ya rage mai amfani shi ne Debian 12 da antiX.

Duk wata Core i3, i5 ko i7 64-bit ce. Core 2 Duo, wadda ta fito a 2006, ita ma haka. Waɗanda suka tsaya a 32-bit su ne Pentium M, Core Duo da Core Solo marasa lamba 2 a sunansu, da Atom N270 da N280 na ƙananan kwamfutocin nan masu allo inci 10. Akwai wani ruɗu da ke yawan faruwa: an saka wa kwamfuta Windows mai 32-bit, sai mai ita ya ɗauka injin ne haka. Ka duba bayanan tsarin a Windows 10. In ka ga an rubuta tsarin 32 bits amma furosesa x64, to injin 64-bit ne. Idan ka riga ka tashi daga kile, rubuta lscpu a tagar umarni ta Linux, wato Terminal, layin farko-farko zai gaya maka.

RAM nawa ya isa, kuma wane iri zan saya?

RAM tamkar tabarmar da ɗan kasuwa ke baje kaya ce, diski kuma shagon ajiya: in tabarma ta yi kaɗan, yini za a yi ana zirga-zirga zuwa shago. Linux kansa ba ya cin RAM sosai. Mai cinyewa shi ne Firefox ko Chrome, don shafukan intanet na yau sun yi nauyi; YouTube, Facebook da WhatsApp a buɗe lokaci guda sun isa su cika giga 2. Giga 4 ya isa rubutu, lissafi da bincike. Giga 8 ne muke so ga injin da za a yi shekaru ana aiki da shi.

Wurin saye ne aka fi tafka asara, don RAM iri-iri ne kuma ba sa shiga ramin juna. Na kwamfutar hannu: DDR2 mai haƙora 200, DDR3 mai 204, DDR4 mai 260, tsagar kowanne a wuri daban take. Na kwamfutar tebur sun fi tsawo. Kada ka dogara da sunan kwamfutar kawai. Ka buɗe murfin ƙasa, ka ciro wanda ke ciki, ka karanta takardar da ke manne a jikinsa: PC2 na nufin DDR2, PC3 na nufin DDR3, PC3L na nufin DDR3L, PC4 kuma DDR4.

Bambancin PC3 da PC3L ƙarami ne a ido, babba a aiki. PC3 na aiki da volt 1.5, PC3L da 1.35. Kwamfutocin hannu masu Intel ƙarni na 4, irin su Dell Latitude E6440, HP EliteBook 840 G1 da ThinkPad T440, PC3L suke so. Ka saka musu PC3, ya shiga ramin daidai, amma allo ya ƙi kawowa ko injin ya riƙa ƙara. Ƙarnin furosesa kuwa a lambarta yake: i5-2520M ƙarni na 2, i5-4300U ƙarni na 4, mai lamba uku kamar i5-520M ƙarni na 1. Ga Core 2 Duo da ƙarni na 1 masu DDR3, nemi RAM mai rubutun 2Rx8, domin sababbin masu 1Rx8 na giga 4 sau da yawa ba sa tashi a kansu.

Umarnin sudo dmidecode -t memory yana nuna ramuka nawa ne, wanne ne ke fanko, da iyakar abin da injin zai ɗauka. Ƙananan masu Atom a giga 2 suka tsaya, wasu sababbin masu araha kuma an liƙe RAM ɗin a jikin allon uwa, ba a ƙara shi. In za ka Katako ko Babbar Kasuwa neman RAM, tafi da kwamfutar, a saka a gabanka. Da ka koma gida ka bar Memtest86+, mai gwajin RAM, ya zagaya shi aƙalla sau ɗaya cikakke. Jan layi ko guda ɗaya ya fito, mayar da shi. RAM mai aibi ba ya hana injin tashi, sai dai ya riƙa lalata fayiloli a ɓoye, girkawa ta tsaya a tsakiya, a ɗora laifin a kan Linux.

Tsohon diskin ya isa, ko sai na sayi SSD?

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kawai kuma RAM ya kai giga 4, to SSD, wato sabon nau'in diski mai sauri, za ka saya. Diski mai juyawa na kwamfutar hannu, mai zagaye 5400 a minti, da ƙyar yake wuce mega 100 a daƙiƙa, kuma allurarsa sai ta yi tafiya kafin ta samo kowane ƙaramin fayil. SSD mai SATA na kaiwa mega 500, ba ya da abin da ke motsi a ciki, ba ya tsoron girgizar babur ko kwalta maras kyau. Ko a tsohon inji mai SATA II, inda gudun ba ya wuce mega 300, bambancin a bayyane yake tun daga kunnawa. Giga 120 ko 128 ya isa tsarin da takardu. Giga 240 ko 256 ya fi kwanciyar hankali.

Yawancin injinan 2008 zuwa 2015 SATA mai inci 2.5 suke ɗauka, sukurori kaɗan ne a cire a mayar. Sababbi na da ramin M.2, kuma a nan sai an kula: M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kamanninsu kusan ɗaya, amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Ka binciki samfurin injinka kafin saye. Tsohon diskin kuma ba yarwa za a yi ba: a saka shi a akwatin USB ya zama ma'ajiyar waje, ko a cire na'urar DVD a sa shi a gurbinta da tire na musamman, mai kaurin milimita 9.5 ko 12.7 gwargwadon injin.

In za ka ci gaba da tsohon diskin, duba lafiyarsa tukuna. Daga kilen Mint ko Ubuntu buɗe manhajar diski, wadda a tsarin Faransanci ake kira Disques, ka shiga bayanan SMART, wato rahoton lafiyar diskin. Layuka uku za ka duba: lamba 5, 197 da 198. Suna ƙirga guraben da suka lalace ko suke hanyar lalacewa. Idan 197 ko 198 ya wuce sifili, ko kana jin diskin na ƙas-ƙas, kada ka girka komai a kansa, kwashe abin da ke ciki kawai.

Wane kile ya dace, kuma yaya ake shirya shi?

Fayil ɗin Mint 22 bai kai giga 3 ba, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa giga 6, shi ya sa muka ce giga 8. Duk abin da ke cikin kilen zai goge. Kwafa fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin Linux da ka sauke, cikin kile kamar waƙa ba ya sa ya tayar da inji. Sai an rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher. Ga mai gyara da ke hulɗa da injina daban-daban, Ventoy ya fi: sau ɗaya ake saka shi, daga nan sai a riƙa zuba fayilolin ISO da yawa a kile guda mai giga 32, a zaɓi wanda ake so wurin tashi.

Matsaloli biyu ne ke ɓata wannan mataki. Na farko kilen jabu: an rubuta giga 64 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa bai kai ba, duk abin da ya wuce iyakar sai ya ɓace ba tare da gargaɗi ba. H2testw a Windows ko f3 a Linux na tona asirinsa. Na biyu fayil da ya lalace wurin saukewa saboda layi ya yanke. Kowane shafin saukewa na bayar da lambar SHA256. A Windows rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, sannan SHA256, ka kwatanta. Harafi ɗaya ya saɓa, sake saukewa.

Na saka kilen amma Windows ne ke tasowa. Me ya faru?

Ba ka gaya wa injin daga ina zai tashi ba. Da ka danna maɓallin kunnawa, ka riƙa danna maɓallin zaɓi ba ƙaƙƙautawa: F12 a Dell, Lenovo da Toshiba; Esc sannan F9 a HP; Esc ko F8 a Asus. A Acer ma F12 ne, amma sau da yawa sai an shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ke zuwa kafin Windows, da F2 an kunna shi. Idan kilen bai fito a jerin ba, canza masa rami, ka fi son baƙin ramin USB 2 a kan shuɗin USB 3 a tsofaffin injina.

Injinan 2012 zuwa yau na da UEFI, sabon nau'in BIOS, da Secure Boot, tsaron da ke hana tsarin da bai sani ba tashi. Ubuntu, Mint da Debian na tashi da shi a kunne, amma antiX da wasu ƙanana sai an kashe shi. Wani tarko kuma: kilen ya tashi lafiya, amma mai girkawa ya ce bai ga diski ba. Diskin na nan. An saita shi ne a RAID ko Intel RST a cikin BIOS, abin da ya zama ruwan dare a Dell. Mayar da shi AHCI. Ka sani fa, Windows ɗin da ke kai zai iya ƙin tashi bayan wannan canji, don haka kwashe fayilolinka kafin ka taɓa. Injinan da suka fito daga kamfanonin Turai wani lokaci BIOS ɗinsu na kulle da kalmar sirri. A ThinkPad da EliteBook cire ƙaramin batir ba ya buɗe shi.

Me zan gwada kafin in danna girkawa?

Kilen na tayar da Linux cikakke ba tare da ya taɓa diskinka ba, kuma wannan ita ce damar da ba a so ka yi wasa da ita. Haɗa Wi-Fi. Kunna bidiyo ka ji sauti a lasifika da abin kunne. Gwada kamara da makirufo, ƙara haske da rage shi, danna kowane maɓalli a shafin rubutu, saka kile a kowane rami, rufe murfin ka buɗe ka ga ko ya farka. In kana da firinta ko majigi, haɗa su yanzu. Nawar da za ka gani a nan ta kilen ce, ba ta injin ba.

Wi-Fi bai fito ba sam. Sai na canza kwamfuta?

A'a. Ka fara duba maɓallin kashe Wi-Fi da ke gefen wasu injinan Dell, HP da Lenovo. Umarnin rfkill list zai nuna ko a kulle yake. Sai lspci ya gaya maka kamfanin katin. Na Intel da Atheros kan yi aiki nan take. Broadcom, wanda ke cikin HP da Dell masu yawa da tsofaffin Mac, yana neman direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, wanda ba buɗaɗɗe ba ne, sai an saka shi daban. Realtek kuwa wasu na aiki, wasu na yankewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce haɗa wayar Android da kwamfutar ta kebul na USB, ka kunna raba intanet ta USB. Linux zai ɗauke ta kamar intanet na kebul, ba ya neman direba. Daga nan buɗe manajan direbobi ka saka na Broadcom. Mint na iya ɗauko shi daga kilen girkawa ma ba tare da intanet ba. Idan katin ya mutu ne, ana canza shi da na Intel, amma tsofaffin HP da ThinkPad na da jerin katunan da BIOS ya yarda da su, baƙo ya shiga sai injin ya ƙi tashi. A irinsu ƙaramin katin Wi-Fi na USB ya fi, shi ma a gwada shi a shago kafin a biya.

Allon ya yi baƙi bayan tambarin farko.

Galibi katin hoto na Nvidia ne. Sake kunnawa, ka zaɓi layi na biyu a jerin farko na kilen, wanda ke tayar da tsarin da hoto mai sauƙi, ko ka ƙara kalmar nomodeset a layin tashi. Bayan girkawa sai ka saka direban Nvidia daga manajan direbobi. Hoton Intel da na AMD ba su cika kawo wannan ba.

Kwamfutar na mutuwa da kanta ana cikin girkawa. Laifin Linux ne?

Kusan kullum zafi ne, kuma a ƙasarmu wannan shi ne babban mai kashe injina. A Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tahoua na wuce digiri 40, hunturu kuma ya riga ya cusa ƙura a kowace kafa. Girkawa na sa furosesa aiki tuƙuru na mintoci a jere, abin da injin da ya shekara a ajiye bai saba ba. Da ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Kafin girkawa a buɗe injin. Cire caja da batir, ka taɓa ƙarfe da hannu don sauke wutar jiki, musamman a hunturu lokacin da iska ta bushe. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe hanya. Hurawa daga waje ba ta fitar da ita, sai an cire fankar an zare ta da buroshi. In za ka hura da injin iska, riƙe fankar da yatsa kada ta yi gudun da zai lalata ta. Sannan man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya: bayan shekaru yakan bushe ya daina kai zafi. Goge tsohon da alkol mai ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar dawa a tsakiya, ka ɗaure sukurorin bi da bi yadda aka sa musu lamba 1, 2, 3, 4. Yawan man ba ya ƙara sanyi. Man goge baki da wasu ke sawa kuwa bushewa yake cikin kwanaki.

Umarnin sensors na nuna zafin. Digiri 45 zuwa 60 in ba a aikin komai abu ne da aka saba gani a ɗaki mai zafi. Idan buɗe shafi ɗaya na kai shi 90, akwai gyara. Kada a ɗora kwamfutar hannu a katifa ko darduma, kuma a lokacin bazara a yi girkawar da sassafe ko da dare.

Yaya zan yi da yankewar kuran?

Girkawa a SSD minti 10 zuwa 20 ce, a tsohon diski ta fi haka. Idan wuta ta yanke a tsakiya, injin ba ya lalacewa, sake farawa za ka yi. Inda yankewa ke kashe inji shi ne wurin sabunta BIOS, don haka kada a yi shi sai da batir cike. Kwamfutar hannu mai batirin da ke riƙe ko minti 40 ta wadatar. Batirin da ya kumbura, har ya ɗaga murfi ko wurin linzami, a cire shi nan take.

Ta tebur sai da ondilar, na'urar da ke ci gaba da ba ta wuta in kuran ya yanke. Mai 650 VA na ba da ƴan mintoci, na adana aiki da kashewa ne, ba na ci gaba da aiki ba. Batirinsa mai volt 12 da 7 Ah zafi na cin ransa: duk ƙarin kusan digiri 10 sama da 25 na rage rabin shekarunsa, shi ya sa ake yawan canza shi a nan. Abu ɗaya da ba a mantawa: wutarmu volt 220 ce, tsofaffin kwamfutocin tebur da suka fito daga Amurka kuma na da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Ka tabbata yana kan 230 kafin ka jona, in ba haka ba akwatin wutar zai fashe nan take.

Caja ma a duba. Dell volt 19.5, Lenovo 20, HP 18.5 ko 19.5. Dell na tantance cajarsa ta siririyar allurar da ke tsakiyar kan. In jabu ce ko allurar ta karye, batir ba zai cika ba kuma furosesar za ta rage gudu sosai, mutum ya yi ta zargin tsarin.

Kwanan wata na komawa baya, sabuntawa kuma ta ƙi.

Ƙaramin batirin allon uwa ne ya mutu, CR2032 mai volt 3, irin na agogo da makullin mota. Idan kwanan wata ba daidai ba ne, shafuka masu tsaro na ƙin buɗewa, ma'ajiyar manhajoji ma ta ƙi amsawa, saitin BIOS kuma ya riƙa gogewa, har AHCI ɗin da ka saita ya koma yadda yake. A ta tebur zare shi ake a sa sabo. A ta hannu yakan zo a naɗe da ƴar waya mai kai biyu. Wurin girkawa zaɓi yankin lokaci na Niamey.

Kilabiyena na Faransanci ne. Zai yi aiki? Haruffan Hausa fa?

Zai yi. Injinan da suka zo daga Faransa AZERTY ne, na Nijeriya, Dubai da Amurka QWERTY. Ka zaɓi wanda ya dace da abin da ke rubuce a maɓallan, ka gwada a akwatin gwaji kafin ka sa kalmar sirri. Mutane da yawa na kulle kansu a waje tun ranar farko saboda A da Q, Z da W, da M sun sauya wuri, lambobi kuma a AZERTY sai da Shift. Na Beljiyam ma AZERTY ne amma alamominsa sun bambanta da na Faransa.

Linux na zuwa da tsarin kilabiyen Hausa a cikin jerinsa, an gina shi a kan QWERTY. Mai AZERTY da ba ya son canzawa zai iya danna Ctrl, Shift da U tare, ya rubuta lamba, ya danna Entrée: 253 na ba da ɓ, 257 ɗ, 199 ƙ, 1b4 kuma ƴ. Manyansu 181, 18a, 198 da 1b3.

Dole sai da intanet?

Girkawar kanta ba ta buƙata. LibreOffice da Firefox na cikin kilen Mint. Sauke ISO ne ke cin giga 3 zuwa 6, kuma sau ɗaya ake yi, kile guda ya isa unguwa ko makaranta gaba ɗaya, lasisin ya halatta. Sabuntawar farko na cin ɗaruruwan mega, ka tanadi giga 1 a layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom. Ga makarantar da ba ta da layi, Kiwix na ajiye Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci a diski, a karanta ba intanet.

Firintata za ta yi aiki?

Sababbi masu Wi-Fi ko kebul na intanet galibi Linux na ganinsu da kansa. Na HP na da HPLIP, sai dai LaserJet 1018, 1020 da P1102 na neman ƙarin fayil da ake saukewa sau ɗaya da umarnin hp-plugin. Canon LBP2900 da ƴan uwanta masu direban CAPT suna da wuyar sha'ani. Mai sana'ar buga takardu da ya dogara da ita ya gwada sosai kafin ya goge Windows.

Zan iya barin Windows a gefe?

Za ka iya, in diskin ya kai giga 240, amma a kwamfutar da ke ajiye ba mu ga amfanin wahalar ba. In ka nace, kashe saurin tashi na Windows da BitLocker mai kulle diski tukuna. Hanya mafi aminci ita ce cire tsohon diskin da Windows ɗinsa a ajiye, a sa sabon SSD a girka Linux a kai. Ko me ka zaɓa, kwafe hotuna da takardu zuwa wani wuri, ka buɗe kaɗan daga ciki ka tabbatar sun kwafu, domin zaɓin goge diski ba ya da komawa.

Wace kwamfuta ce ba ta cancanci a kashe mata kuɗi ba?

Pentium 4 ta tebur: tana shan wuta da yawa, tana zafi, kuma bidiyon intanet ya fi ƙarfinta. Ƙananan masu Atom N270 za su yi koyon buga rubutu da antiX, ban da haka ba komai. Chromebook sai an sauya masa manhajar tashi, aikin gwani ne. Kwamfutocin allo masu Atom da UEFI mai 32-bit na ba da wahalar da ta fi ƙimarsu. Injin da maƙallan murfinsa suka karye, allonsa ya fashe, batirinsa ya mutu, jimillar gyaransa kan zarce kuɗin wani na hannu.

Idan kuma saye za ka yi don wannan aiki, nemi injinan ofis na ƙarni na 2 zuwa na 4: Latitude E6420 ko E6430, EliteBook 8460p ko 8470p, ThinkPad T420 ko T430, a na tebur kuma OptiPlex 790 ko 7010. Ana buɗe su da sukundireba guda, RAM da diskinsu na cirewa, kayan gyaransu na samuwa. Tafi da kilenka a aljihu, ka roƙi mai shago ya bari ka tayar da injin daga kansa, ka shiga BIOS ka tabbatar ba kulle, ka duba SMART da zafi da Wi-Fi, sannan a yi ciniki.